Hannun Iya Kande

Ƙaya ce ta haɗa ni da Iya Kande. Muna dawowa daga kasuwar Ƙafin Maiyaki, da ragowar daddawata a ka, sai ƙayar aduwa ta shige mini dunduniya ta karye a ciki. Lokacin ban daɗe da rasa mijina Inuwa ba, kuma ni baƙuwa ce a Gidan Ɗantani, daga wajen Tudun Wada aka auro ni. Matan da muke tafe tare sun yi gaba, ni kuwa na ji nauyin in kira su. Ina ɗingishi sai na ga tsohuwar nan ta waiwayo, ta sauke kayanta, ta zauna a tsakiyar hanya ta ce in miƙo ƙafa. Ta ɗora ta a cinyarta, da ƙurarta da fasonta, ta zaro allura daga bakin ɗankwalinta.

"Kalli can, kar ki kalli nan," in ji ta.

Da ta fito da ƙayar sai ta ɗora mini a tafin hannu, ta ce in gani, ita ce duk ta tsayar da mace guda. Ta tambayi sunana, na ce Saude, a coci kuma Lusiya. Ta ce ita ma tana da irin wannan, Monika, amma Fada, limamin cocinmu, shi kaɗai ke wahalar da bakinsa da shi.

Na santa kafin ranar, kamar yadda kowa ya santa. Gidan Ɗantani ƙaramin ƙauye ne a ƙasar Kiru, sunan mijinta ya ci, kuma rabin mutanen cikinsa 'ya'yanta ne da jikoki. A gidan Maguzawa aka haife ta, kusa da Burumburum. Ba ta san shekararta ba, ta dai ce tana goyon ɗanta na fari aka zo da labarin Turawa sun shiga Kano. Ta haihu da yawa, huɗu suka rayu. Ta kan kira sunayen waɗanda suka mutu a addu'a tare da na masu rai, ba ta raba su.

Addinin kuwa a Riruwai ta samo shi. Ɗantani ya kan tafi cin rani wurin haƙar kuza, ita kuma ta bi shi tana tuƙa wa leburori tuwo. A bukkar da ke kusa da tasu akwai wata mata daga ƙasar Jos da ciwon ƙirji ya kwantar, ba dangi ba kowa. Iya ta riƙa dama mata kunu tana wanke mata zane. Matar ba ta da abin saka mata da shi sai addu'o'in da ta iya, ta koya mata su ɗaya bayan ɗaya kafin ta rasu, ta bar mata carbinta mai ɗan gicciye. Da wannan carbin Iya ta dawo gida. Sai bayan wasu rani aka yi mata baftisma. Ɗantani ya biyo baya a makare, Iya ta ce sai da ya gama shawara da tulun giyarsa.

Ita ta fara kafa rumfar zana da muke taruwa ranar Lahadi, kafin maza su ji kunya su gina ɗakin ƙasa da jinka. Fada daga Kano yake zuwa a kan babur, wani lokaci a daɗe ba a gan shi ba, musamman in rafuka sun cika. A tsakani, Iya ce cocin. Ita ke share ta, ita ke wanke farin ƙyallen bagade, teburin da Fada ke addu'a a kai, da toka ta ajiye shi cikin tukunya saboda gara. In an ji ƙarar babur daga nesa, kazarta ce ke mutuwa. Duk da haka ba ta taɓa barin gayaunarta ba, 'yar gonar da take noma da hannunta bayan an tashi daga gandu, gyaɗa da kuɓewa da ɗan gero. Daga rumbunta ake ɗebar hatsin kunun marasa lafiya, kuma ba ta tambayar mara lafiya ko yana salla ko yana tsafi ko yana zuwa coci.

Amma aikin da aka fi saninta da shi shi ne ungozomanci. Musulmin unguwannin da ke kewaye da mu ma ita suke aika wa. A wurinmu mace ita kaɗai take durƙusawa ta haihu, sannan a kira ungozoma ta yanke cibiya, ta binne mabiyiya, ta riƙa zuwa safe da yamma tana yi wa jariri wanka tana gasa masa cibiya har ranar suna. Bayan ranar ƙayar nan Iya ta ce in riƙa bin ta, tunda ba ni da wanda zan dafa wa da wuri. Ni ke ɗaukar mata ƙwarya da sabulun salo, ni ke ɗebo ruwa daga tukunyar wankan mai jego, wadda ke tafasa a murhu. Ita ke sirkawa da ruwan sanyi, ta tsoma hannu ta ji, ta ce ya yi.

Hannun nan nata abin kallo ne. Da yatsu take ɗaukar garwashi ta kai wani murhun. Tukunya ba ta neman tsumma kafin ta sauke ta. Jikokinta har gardama suke yi da yaran wasu unguwanni a kan haka, mu ma manya alfahari muke yi. Ba wanda ya tsaya ya yi tunanin abin da hannu irin wannan ya daina ji.

Da daminar 1956 wata yarinya Hajara ta zo wankan gida wurin uwarta Furera, Musulmi ne maƙwabtanmu. Haihuwar fari ce, ɗa namiji. Kwana biyu da haihuwa muka je wankan safe. Na ɗebo ruwan, Iya ta zuba na sanyi kaɗan, ta tsoma hannu ta ce ya yi. Ni ina tsugune kusa, na ga tururi yana tashi fiye da yadda na saba gani. Na buɗe baki. Furera tana tsaye, da wasu mata biyu 'yan barka. Ta yaya zan ce wa tsohuwa kamar Iya, a gidan mutane, a gaban baƙi, ruwanta bai yi ba? Na ce a raina ta fi ni sani. Na rufe bakina.

Yaron ya tsala wani irin kuka da ban taɓa ji ba. Iya ta yi dariya.

"Furera, wannan ladan kuka samu. Ku gaya wa liman ya fara neman wani aikin."

Matan suka yi dariya. Hajara tana kan gado ta juya fuskarta bango, domin ɗan fari ne, ba ta isa ta nuna ta ji ba. Na ga yatsun ƙafarta sun danƙare a kan tabarma.

Da yamma na riga Iya isowa. Furera ta ja ni bayan rumbu da yaron a hannu, ta buɗe zanen. Bayansa da ɗuwawunsa sun yi ja, wani wurin ya tashi bororo. Ta shafa masa man shanu.

"Kar ta ji," in ji Furera. "Ita ta yanke cibiyar Hajara. Ita ta zauna da ni lokacin da na kusa tafiya a haihuwar autana. In ta ji wannan, zuciyarta ba za ta ɗauka ba."

Na ce to. Har na ji sanyi a raina da ta faɗi haka, domin ta sauke mini abin da ya kamata in ɗauka. Da Iya ta iso aka ce mata yaro yana mura, a bar wanka, a shafa kawai. Idonta ya riga ya fara yana, ɗakin kuma da duhu. Ba ta ga kome ba. Allah ya yi da sauran kwanansa, yaron ya warke, aka sa masa suna Sani, sunan kakansa. Tabo dai ya zauna.

Daga nan muka shirya abinmu. Ba taro aka yi ba, magana ce ta bi rijiya da turmi har kowace mace ta san nata aikin. In Iya ta tsoma hannu ta ce ya yi, sai uwar gida ko wata tsohuwa ta matso ta durƙusa ta fara gaishe ta. Ina kwana, Iya. Ina gajiya. Ina Ɗanjuma, wato jikanta da take zaune a gidansa. Ya ƙafar, ya gyaɗar bana, akuyar nan ta haihu kuwa? Ita kuma ta juya tana amsawa da fara'a, tana tambayar kowa nasa. Ni a lokacin nake tsiyaya ruwan sanyi ta gefen ƙwarya a hankali don kar ya yi ƙara, in gwada da gwiwar hannuna, in yi tari. In na yi tari sai gaisuwa ta ƙare.

Abin ya tafi daidai, har muna jin daɗin kanmu. Iya ta kan ce mini a hanya, "Saude, mutanen nan sun ƙara ladabi. Da ba sa gaisuwa haka." In ce haka ne, Iya. Maza ma sun sani. Sharar coci ma, da muka ga tana barin wasu wurare, sai wata ta koma bayan ta tafi ta maimaita, ta bi sawun tsintsiyarta don kar a gane. Fada ya zo a kaka, na durƙusa na furta zunubaina, gulma da fushi da rashin zuwa addu'a, ban ambaci wannan ba. Ban lissafa shi cikin zunubi ba. Girmama babba na ɗauke shi.

Akwai ranar da na tafi Tudun Wada gaisuwar mutuwa, aka yi haihuwa a bayana, Iya ta tafi ita kaɗai da sandarta. Mai jegon ta rungume jaririnta ta ce barci yake yi, da yamma ma barci yake yi, washegari ma haka. Da na dawo Iya ta ce mini, "Jariran bana sun cika barci." Da gidan waɗanda ba su ji labari ba ne aka kira ta, ban san abin da zai faru ba. Na yi wannan tunanin a ranar, na kuma ajiye shi.

Da rani, kafin bikin Ista, muka taru daɓen ƙasan coci. Aikin mata ne, a zuba tsakuwa da ƙasa a yayyafa ruwan makuba, a jeru a durƙushe kowa da madaɓinta ana duka ana waƙa. Iya ce ke bayar da waƙa mu amsa. Kusa da ita Baturiya ce, matar Ɗanjuma, yarinya mai baki, ga ciki ya tsufa. Su biyun kullum cikin tsokanar juna suke.

"Ke Baturiya, daɓe kike ko lallashin ƙasa?" in ji Iya. "Ki dai yi a hankali, kin kusa zuwa hannuna."

"Hannunki, Kaka? Ni in Saude ba ta nan ba mai taɓa mini ɗa. Ɗanye nake son abina, ba dafaffe ba."

Wata ta fara dariya ta haɗiye. Madaɓai suka tsaya ɗaya bayan ɗaya.

"Me kika ce?"

"Wasa nake, Kaka."

"Na san wasanki. Wannan ba shi ba ne." Ta juyo inda take jin numfashina. "Saude."

Na zuba wa madaɓina ido. Ta jira. Da ta ji shiru sai ta ɗaga waƙa daga inda ta tsaya, muka amsa da muryoyi kamar na marasa lafiya, har aka gama daɓen. A hanyar gida ta kama wuyan hannuna ta ce, "Ɗan wa?" Na faɗa mata duka, a tsaye a gindin ɗorawa.

Washegari ta ce in ja mata sanda. Hajara ta daɗe da komawa gidan mijinta, wani ƙauye a hanyar Kiru, tafiyar hantsi ce ga mai ƙarfi, mu kuwa sai da rana ta take muka isa. Muka yi sallama aka shimfiɗa mana tabarma. Iya ba ta zauna ba. Ta durƙusa a gaban Hajara, yarinyar da ba ta kai jikarta ba, ta ce ta zo neman gafara. Hajara ta rufe fuska da zane tana cewa, "Iya ki tashi, don Allah ki tashi," har ta gudu ɗaki. Surukarta ce ta fito ta kama Iya.

"Haba Iya, ƙaddara ce. Yaro ga shi nan yana rarrafe yana cinye mana ƙasa. Mun yafe duniya da lahira."

"Ku ba ni shi."

Aka miƙo Sani. Ta kwantar da shi a cinyarta ta shafa bayansa, ta sake shafawa. Sai na ga ta sunkuya ta ɗora leɓenta a wurin, tana bi a hankali daga kafaɗa zuwa ƙugu, domin ta nan ne kawai za ta iya jin girman tabon. Yaron ya ɗauka wasa ne, yana ta ƙyalƙyala dariya yana jan ɗankwalinta.

Mun yi nisa a hanyar dawowa kafin ta yi magana.

"Bayan shi na wanke wasu yaran?"

"Kin wanke, Iya."

"Kina sirkawa."

"Ina sirkawa."

"Ranar da ba kya nan fa?"

Muka ci gaba da tafiya, sandar tana tsakaninmu. Can ta ce, kamar da kanta take magana, "Ashe gaisuwar ta ruwa ce."

Ba ta yi mini faɗa ba, a ranar ko bayanta. Da ta yi, da na fi samun sauƙi. Wanda ya zo kiranta haihuwa sai ta ce ya je wurin Saude. Da Fada ya zo Ista ta daɗe a durƙushe a gabansa a gindin mangwaro, mu muna jira a rana, ban san me ta faɗa ba. Abin da na sani shi ne laifin da ta ɗora wa kanta ya fi nata kason yawa, ta haɗa har da namu.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne yadda gaisuwa ta lalace mata. Matar da in ka ce mata ina kwana sai ta tambaye ka har kajin gidanku, ta koma amsa "lafiya" ta yi shiru, ta karkata kunne kamar tana sauraron abin da ake yi a bayanta. In an ce miyarta ta yi daɗi, sai ta ce, "Da gaske, ko irin ta ruwa?" Wata Asabar ta share coci, ta fita, ta zauna a bayan ɗakin ba ta tafi ba. Ta ji tsintsiya ta biyu. Daga ranar ta jingine tata.

Baturiya ta haifi mace. Ni na yi wankan, Iya tana zaune a bakin ƙofa. Na ce ta zo ta riƙe mini ƙafafun ko ta gasa cibiyar, ta ce a'a, in gama in naɗe ta tukuna. Mutanen gari sun daɗe suna jin haushin Baturiya, Ɗanjuma ma ya kusa kora ta gida. Iya ce ta hana. A ƙarshen rayuwarta maganar Baturiya kaɗai Iya take yarda da ita. Ta koma kaɗi, tana zaune a inuwar rumbu da mazari, carbi a wuya. In ta cika sai ta kira, "Ke mai baki, zo ki duba mini." Baturiya ta duba ta ce, "Kaka, wannan zare ne ko igiyar ɗaure jaki?" Iya ta yi dariya ta warware ta sake. Ina zaune a wurin, da idona, ba ta taɓa miƙo mini in duba ba. Tana sa mini albarka kamar da, tana aiko mini da kuɓewa. Amma ba ta sake tambayata ko wani abu ya yi ba.

Ta rasu bayan girbin 1958. Ba ta daɗe a kwance ba, kuma hanya ta bushe, Fada ya samu isowa ya shafa mata mai mai tsarki ya ba ta Jibin Ubangiji, gurasa mai tsarki ta coci. Ranar jana'iza coci ba ta ɗauki mutane ba. Musulmi suka tsaya daga waje a ƙarƙashin mangwaro, danginta Maguzawa suka zo daga Burumburum, Furera ta kawo ƙwaryar gero ta zauna da mu tana hawaye. Kowa yana faɗin alherinta, kuma duk gaskiya ne. Wasu matan suka ce mini mun kyauta mata, mun rufa mata asiri iyakar iyawarmu, bakin Baturiya ne ya ɓata. Na ce musu to. Su suna iya faɗin haka, domin ba su aka roƙa ba.

Wata rana a shekarar farko da na fara bin ta, lokacin idonta garau, ƙafarta ta fi tawa sauri, muka bi ta gefen gonar gandu da damina. Ta tsaya ta nuna mini wani wuri ta ce nan Ɗantani ya yi nomansa na ƙarshe. Ya tsufa kunyar nomansa ta fara karkacewa, 'ya'yansa suka riƙa komawa bayan ya tafi gida suna gyarawa. Ran da ya gane, ya rataye garmarsa bai ce wa kowa kome ba, bai kuma ƙara cin tuwo da su a zaure ba. Ta ce ita ma ta sani a lokacin, ta yi shiru. Sai ta gyara ƙwaryar da ke kanta ta dube ni.

"Saude, na lura ke kina da ido, abu ba ya wuce ki. Shi ya sa na ce ki bi ni. Ran da kika ga hannuna ya fara yi mini ƙarya, kar ki duba furfurata, kar kuma ki bi bayana kina gyarawa. Ki ja ni gefe, mu biyu, ki ce Iya ya isa haka. Abin da nake roƙonki ke nan."